Ustaza Maryama Ba 'Yar Bori Ba Ce

Ina cikin shara da safen nan waya ta yi ƙara. Ustaza Maryama ta rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hawan jini, aka ce.

Na yafa tob, mayafinmu na matan Sudan, na nufi gidan makoki. A rumfar maza wa zan gani? Dattawan nan da suka kai ƙararta, sun hakimce a kujerun gaba, ana zuba musu shayi, suna ta "mutuniyar kirki ce." Na wuce ban gaishe su ba. Ku ce ba ni da tarbiyya, na yarda.

Amma ba su suka sa ni wannan rubutu ba. Mahaifiyarta ce, Hajja Amina, tsohuwar da ko gani ba ta yi sosai. Ta laluba hannuna, ta jawo ni kusa da bakinta.

"'Yar nan, ke kina zuwa wurinta. Don Allah faɗa min, a kan shirka 'yata ta mutu?"

Ashe duk shekarun nan da wannan take kwana take tashi. Kukanta ba na rabuwa ba ne kawai, tsoron abin da 'yarta za ta tarar take yi.

Ga wanda bai san Ustaza ba, ilimin halin ɗan Adam ta karanta a Khartum. Ta dawo Gadarif ta gyara ɗaki a gidansu, tana zama da masu ciwon da gwajin jini ba ya nunawa.

Ni na je wurinta bayan rasuwar ɗana. Zazzaɓi ya kama shi a Basunda da damina, laka ta hana mota fita, muka iso asibiti a makare. Tun daga ranar wata murya ta tare a cikina, ba ta da magana sai "ke kika kashe shi." Kowa cewa yake in yi haƙuri. Haƙurin nake yi, ina ta ramewa.

Ustaza ta dafa jabana, wato gahawa, ta jera ƙananan kofuna a faranti. Ta ce mutum ba abu guda ba ne, a cikinsa akwai mai zagi, akwai mai tsoro, akwai mai son ta gudu. Ta tura min kofi ɗaya ta ce na mai zagin ne, wancan kuma na uwar da ke kuka. Wai kada in kori mai zagin, in tambaye ta me take tsoro.

Na ce ikon Allah, ni da na zo a raba ni da ita, har kofi za a ba ta?

Da na daure na tambaya, sai na gane tsoro take kada in manta da yaron.

Ustaza ta ce, "Da maƙwabciyarki ce ta rasa ɗa a hanyar nan, haka za ki yi mata magana? Ke ma baiwar Allah ce. Tausaya wa kanki."

Aikin ke nan fa. Ba ganga, ba yanka. Turaren da ke tashi kuwa na jabana ne, wanda matan su dattawan ma ke kunnawa kullum.

Sai wani ya leƙo. Ya ga mata a zagaye, ga kofuna, ga hayaƙi, ya ji tana tambayar wata, "Wace ce ke magana a cikinki yanzu?" Shi ke nan, wai zar take yi, wato bori, a tsakiyar unguwa. Kun san zamanin da muke ciki, ba a buƙatar fiye da haka. Dattawan suka kai ƙara wurin hukuma, aka zo da mota, aka farfasa kofunan, aka hana ta sake tara mata.

Na je na ba da shaidar cewa ba bori take yi ba. Ni kaɗai. Sauran duk suka noƙe, kada a ce sun je wurin mai maganin mahaukata, ga 'ya'ya mata ba a aurar ba. A lokacin na yi muku uzuri. Yau ba zan yi ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a kasuwa ce, wajen masu riɗi, makon jiya. Ta rame. Na fara zagin mutanen nan kamar kullum, ta yi dariya, ta zuba min gyaɗa a jaka, ta ce in tambayi mai fushin nan tawa me take gadi.

Ustaza, yau na tambayi mai fushin. Sunanki take gadi.

Na faɗa wa Hajja gaskiya. Na rantse mata cewa da bismillah 'yarta ke buɗe zama, in an kira salla ita ke fara tashi. Ta ce, "Ke ɗaya ce, 'yar nan. Su kuwa suna da yawa, kuma masu gemu ne."

To ku da kuka zauna a ɗakin nan, na san ku, kun san kanku. Ba zan kira suna ba. Ba sai kun faɗi ciwonku ba. Ku zo kafin a tashi zaman makoki, ku zauna kusa da tsohuwar nan, ku faɗa mata abin da idonku ya gani.

Ya Allah, ka jiƙan Maryama. Yadda ta tausaya wa bayinka, ka tausaya mata. Ka haskaka kabarinta, ka sanyaya zuciyar uwarta tun tana raye.

Duk wanda ya karanta, ya sa ta a addu'a. Amma in kin taɓa riƙe kofi a ɗakin nan, kada ki rubuto min amin. Sa takalminki, Hajja na jira.