Tabon da ke Hannun Yaya

Mu biyu ne mata a gidanmu na Gadarif a ƙasar Sudan, kuma tun ban san kaina ba aka yi mana rabo: ni ce mai kyau, Yaya ce mai aiki. Inna ce ta raba, da bakin nan nata mai zaƙi da kaifi. In baƙi suka zo sai ta nuna ni ta ce, "Wannan ta kallo ce." Sannan ta juya wajen Yaya tana dariya: "Wannan kuwa Allah bai ba ta fuska ba, amma ya ba ta hannu." Kowa ya yi dariya, Yaya ma ta yi. Har yau in na tuna dariyar nan tata sai raina ya ɓaci, don babu abin da ya sami fuskarta. Baƙa ce doguwa mai wushirya, kamar kakarmu da ta taso za ta Makka, tafiyar ta ƙare mata a nan.

Sana'ar gidanmu kisra ce, wato wainar dawa marar kauri da ake ci da miya. Lokacin yankan riɗi, in leburori suka cika tashar motocin zuwa garin Doka, masu abinci har ƙofar gida suke biyo mu. Yaya ce a gaban saj, farantin ƙarfen da ake gashi a kai, tana shimfiɗa ƙullun dawa siriri har ka hango ƙarfen ta cikinsa. A unguwarmu macen da ba ta da tabon saj a hannu, malalaciya ake ce mata. To, Yaya tana da shi fiye da kowa. Maƙwabta kan kama hannunta su nuna wa 'ya'yansu: "Mashallah, ku dubi hannun 'yar halak!" Ni da nawa hannun sumul sai in noƙe, har kishin tabon nan na yi.

Wata rana da hantsi na shiga rumfar girki neman garwashi. Ba ta ji shigowata ba. Kisra ɗaya ta yage mata wajen ɗagawa, abin da ke faruwa da kowa. Sai ta tsaya tana kallon yagaggen, ta ce wa kanta a hankali, "Ko wannan ma ba ki iya ba." Ta janye mayafinta, ta ɗora damtsenta a bakin ƙarfen da gangan.

Na yi kukan kura na finciko ta. "Yaya! Kin haukace ne?"

"Ma'alesh, yi haƙuri," in ji ta, kamar ni ta ƙona. "Na ɓata ne. In na yi haka sai zuciyata ta kwanta."

"Don kisra ɗaya?"

"Ke in kin ɓata, kina nan dai da kyanki. Ni in na ɓata, me ya rage?"

Ban iya riƙe magana ba, ban taɓa iyawa ba. Kafin azahar Inna ta ji. Da fari ta ce sharri nake yi, sai da ta buɗe hannun da kanta ta ga yadda tabon ya jeru a inda saj ba ya kaiwa. Ta zauna daɓas a ƙasa tana kuka. "Ya bitti, 'yata, ai wasa nake yi! Wallahi wasa ne!"

Nan take ta yanke hukunci irin na uwa mai tsoro: halas, shi ke nan, Yaya ba ta ƙara zuwa kusa da wuta. Aka ɗauko wata maƙwabciya ta riƙa gashin. Aka karɓo rubutu wurin malam, aka ce Yaya ta huta. Mu a ganinmu gata muka yi mata. Ashe abu ɗaya tak da ta yarda tana da shi a duniya muka ƙwace.

Damina guda ta yi a bakin ɗaki tana kallon baƙar lakar tsakar gida. Ta daina kitso, abinci sai an matsa. Da na kai mata shayi wata safiya sai ta ce, "Ki daina wahalar da kanki. Wanda ba ya aiki ai bai kamata ya ci ba." Tsoro ya kama ni sosai, na je na yi wa Inna rashin kunyar da ban taɓa yi ba, har aka mayar da ita gaban saj. Ni kuma na dasa kujera kusa da ita. In kisra ta yage sai in wafce in cinye, in ce na fi son yagaggiya. Wani lokaci ta yi murmushi. Sabon tabo ya ragu, amma bai ɗauke duka ba.

Bayan shekaru, 'yata da ta karanci halayyar ɗan Adam a jami'a ta ce mini da yawa masu cutar da jikinsu suna ganin kansu ne a matsayin waɗanda suka cancanci horo. Na ce mata na sani, na gani a rumfar girki.

Yaya ce ta yi jinyar Inna da ta tsufa idonta ya tafi. Wata la'asar, kwanaki kaɗan kafin rasuwarta, ina zaune a bakin ƙofa, Inna ta laluba ta kamo hannun Yaya. Ta bi tabon nan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har ta tabbatar ko wace ce. Sannan ta ce, "Kyakkyawata. 'Yata mai kyau."

Yaya ta zare hannunta a hankali, ta gyara mata mayafi, ta fito inda nake.

"Tashi," in ji ta. "Inna na kiranki."