Ragon da Ya Shiga Ajin Lissafi

Duk wanda ya zauna a garinmu ya san Glenys Pfeiffer da abu ɗaya: ita ce matar da ta saka rago a ajin lissafi. Shekara ashirin da biyu tana tsara wa 'yan sakandare darussan da za su ɗauka, ba ta taɓa aika malami ɗaya aji biyu a lokaci guda ba, amma wa ke tuna wannan? Ragon kawai ake tunawa.

Glenys ba ta yarda da kwamfuta ba. A bangon ofishinta akwai katako mai ƙusoshi jere-jere, kowane layi darasi guda. Ɗalibai kuwa, sunan kowa na rubuce a kan 'yar robar nan da ake maƙala wa tumaki a kunne, waɗanda take ɗebowa daga rumfar tumakin mijinta Col. In yaro ya sauya darasi, ta cire shi daga wannan ƙusa ta rataya a waccan, magana ta ƙare.

Sai shekarar da jiha ta fito da sabuwar ƙa'ida: ba mai karɓar takardar kammala sakandare sai ya ci lissafi a ajin ƙarshe. Ajin lissafi ɗaya ne, ranar Laraba da safe. Ranar Laraba kuma ita ce ranar da motar makaranta ke kai 'yan darasin noma su bakwai kwalejin garin gaba, tafiyar awa ɗaya da rabi. Cikinsu akwai Tahlia Kloeden, yarinyar da in ta murza gashin tunkiya a yatsa za ta faɗa maka darajarsa, kuma aikin da take so ke nan a duniya. Yanzu ko ta bar kwalejin, ko ta rasa takarda.

Shugaban makaranta, Warwick, ya ce, "Glen, ba ni na rubuta dokar ba. Kawo mini ɗalibi takwas in buɗe aji na biyu ranar Alhamis. Bakwai ba aji ba ne."

Glenys ta kwashe robobin a kwano ta tafi da su gida hutun Kirsimeti, ana tsakiyar girbin alkama. Kwana uku tana juya 'ya'yan mutane a kan teburin kicin, bakwai suka ƙi zama takwas. Ranar ta huɗu Col ya shigo cin abincin rana, ya zazzage aljihunsa a kan teburin kamar yadda ya saba. Da ta dawo daga haɗa shayi ta sake ƙirgawa: takwas! Ba ta karanta ba, ƙirgawa kawai ta yi, ta ruga wajen waya ta sanar da Warwick.

Sabuwar sakatariya ta kwafi sunaye daga katakon yadda ta gan su. Sabon malamin lissafi, ɗan birni, ya yi mako biyu yana kiran "Murray Pfeiffer". Yara kuwa sun san Murray sarai: ragon Col ne, robar kunnensa ce ta fito daga aljihun Col ranar nan.

"Yana gona, Malam."

"Yau aski ake masa."

"Kullum aski?"

"Gashi gare shi, Malam."

Asiri ya tonu ranar da Col ya dawo daga gidan waya da wasiƙa, ya ce, "Uwargida, ashe ɗanmu ba ya zuwa makaranta? Wai in zo mu tattauna halinsa."

Gari ya yi dariya har da riƙe ciki. Glenys ce kaɗai ba ta yi ba, don Warwick ya ba ta zuwa Juma'a: in ba mutum na takwas mai ƙafa biyu, aji ya rushe. Tahlia ta zo ƙofar ofis ta tsaya, ta ce, "Misis Pfeiffer, in daina zuwa kwalejin ne?"

"Je ki aji. Ban gama ba."

Ta taga Glenys ta hango Des Schutz, direban motar makaranta, ya miƙe ƙafa a kujerar baya yana karanta labarin tseren doki. Shekararsa hamsin da tara, ya bar makaranta yana ɗan sha biyar ya bi masu askin tumaki. Ta ɗauki biskit na gida ta nufe shi.

"Dezzy, me kake yi ranar Alhamis da safe?"

"Abin da kika gani."

"To daga yanzu lissafi kake yi. Doka ta yarda babba ya dawo aji."

"Glen, ni fa tumaki kawai na iya ƙirgawa."

"Ka fi ni ke nan. Sa hannu a nan."

Ya sa, baki cike da biskit. Tahlia ta zauna kusa da shi shekara guda tana zungurinsa in ya fara gyangyaɗi. Ta ci, ta karɓi takardarta, yanzu ita ke tantance ulu a rumfunan askin tumaki uku. Des ma ya ci, da ƙyar, ya manna sakamakon a saman sitiyari.

Bara a bikin baje kolin dabbobi, wani tsohon ɗalibinta ya ɗaga murya daga cikin taro: "Misis Pfeiffer, yaya Murray? Ya gama digirin?"

Glenys ba ta ko ajiye kofin shayinta ba. Ta ce, "Ka bar mini Murray. Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki, shi kaɗai ne bai taɓa zuwa ya ce in sauya masa darasi ba."