Ɗigon Ja a Tsakiyar Gada

Tela ta haura hamsin kafin ta mallaki mota. Shekara da shekaru tana taka keken ɗinki, motocin mutane na giftawa ta cikin madubin shagonta, ita kuwa tana bin su da ido har allura ta kusa cin yatsanta. Ranar da ta sayi tata, wata 'yar ƙarama ta hannu mai ruwan toka, dillalin ya saka mata manhaja a waya mai zana duk inda ta bi a kan taswira. In tuƙi ya tafi sumul, layin ya fito kore. In ta taka birki da ƙarfi, ya ɗiga ja.

Ita fa ba don yawo ta sayi motar ba, don Baba, mahaifinta, ta saya. Tsohon magini ne, da shi aka zuba kankaren babbar gadar bayan gari. Ganinsa na ta raguwa, likita ya ce ba ya dawowa. Burinsa ɗaya: ya sake tsayawa a kan gadar ya ga ruwa.

To amma tela da son tsaftataccen ɗinki, sai a hankali. Kullum in ta rufe shago da la'asar, sai ta zauna a mota ta buɗe waya tana kallon koren zarenta, daga gida zuwa shago, daga shago zuwa wajen masu yadi. Har mafarkinsa take yi, ta ga garin shimfiɗe kamar yadi, tana bi tana yi masa aiki. Hanyar gada kuwa manyan motoci ne birjik, ta san can sai ja ya ɓata mata zane.

"'Yar nan, yaushe ne tafiyar tamu?"

"Baba, bari hannuna ya ƙara faɗawa."

"Hannun naki kullum faɗuwa yake, bai iso ƙasa ba?"

Sai ta yi dariya ta gyara masa hula. Haka damina ta zo ta wuce.

Wata safiya tana jan taswirar da yatsa, ta lura duk layukanta suna juyawa kafin bakin kogi, tsallaken fari fat. Kunya ta kama ta. Ko shago ba ta buɗe ba, ta je ta ɗauko Baba.

Tirela ta danna mata hon, ta rikice, ta yi ta salati har suka hau gada. A tsakiya ta gangara gefe ta taka birki da ƙarfi, wayar ta yi ƙara. Baba ya fito yana lalube, ya dafa ƙarfen gefen gadar, yana shafa simintin a hankali kamar kan jika. Iska na kaɗa masa riga. Ya juya fuskarsa wajen kogin.

"Ruwan yana nan kuwa?"

Hawaye suka zubo mata. Ta makara, ta kuma san abin da ya makarar da ita.

"Yana nan, Baba, ya cika taf."

"To faɗa mini kalarsa. Ke ce kika san kala."

Ta tsaya gefensa tana faɗa masa, ga inda ya yi ruwan ƙasa, ga inda rana ta sa masa zaiba, shi kuma yana gyaɗa kai. Har yau ɗigon jan nan yana tsakiyar gadar a taswirarta, ba ta goge shi ba.