Alhaji Lukuman Ɗanmalam, Mai Rumfar 'Yan Kallo (1934–2005)

Haihuwa da nasaba

An haifi Alhaji Lukuman Ɗanmalam, mutumin da tarihin ilimin zamani a ƙasar Kontagora ba zai sake samun kamarsa ba wajen hangen nesa da hidima ga al'umma, a cikin garin Kontagora a shekarar 1934. Mahaifinsa, Malam Ɗanjuma, ɗan kasuwar hatsi ne da ke bin kasuwannin ƙauye da jakunansa, mahaifiyarsa kuwa, Hajja Fure, 'yar Sahon Rami ce. An yi masa laƙabi da Ɗanmalam saboda kakansa na wajen uwa ya taɓa riƙe makarantar allo, kuma laƙabin ya raka shi har kabari ba tare da an taɓa neman ya kare shi ba.

Karatu

An sa shi elementare a shekarar 1942, ya wuce makarantar midil ta lardi a 1946, inda bai yi fice a lissafi ba, bai kuma yi fice a Turanci ba, amma Allah ya hore masa dogayen ƙafafu. A shekarar 1948, bayan malamansa sun yi ittifaƙi a kan ya maimaita aji, sai ya zo na ɗaya a gudun mil a gasar makarantun lardi, Baturen makaranta ya ba shi hannu a bainar jama'a, maganar maimaita aji ta mutu ba tare da an yi mata jana'iza ba. Daga wannan waƙi'a ya ciro hikimar da ya rayu a kanta, wadda ɗalibansa suka haddace fiye da jadawalin sau-sau: "Ƙafa ce ke ɗauke da kai." Ya kammala makarantar horon malamai a 1953. A can ya yi abota da Malam Mailafiya, wanda zai taka muhimmiyar rawa a tarihinsa daga baya.

Aiki, aure da zuriya

Ya fara koyarwa a firamare a 1954. A 1958 ya auri Barakatu, 'yar wani mai sayar da goro a Kasuwan Garba. An haifi 'yarsu ta fari, Ruka, a shekarar samun 'yancin kai, kuma tarihi ya tabbatar da cewa ranar sunanta mahaifin ya iso a makare, saboda yana koya wa yara maci. Mika'ilu ya biyo baya a 1962, Kyauta a 1967, sai Larai a 1971.

Bayan an kafa Jihar Arewa maso Yamma, an tura shi jami'a kwas na wata tara, ya dawo da takardar shaida, da usur na azurfa wanda bai rabu da wuyansa ba har ya yi ritaya.

Shugabancin makaranta

A shekarar 1972 aka naɗa shi shugaban sabuwar Sakandaren Jeka-ka-dawo ta Tudun Giginya da ke gefen gari, mai ɗaukar maza da mata. Ruka ta shiga makarantar a shekara ta gaba, kuma tun daga aji ɗaya ba a taɓa shan gabanta a lissafi ko kimiyya ba. Malamin kimiyyarsu, Malam Haggai, mutumin Auna, ya shaida wa mahaifinta cewa idan ta samu sakamako mai kyau a jarrabawar ƙarshe, babu abin da zai hana ta karatun likita. Yarinyar ma ba ta da wani buri sai wannan. Marigayin ya yi farin ciki da jin haka, ya tambaya ko tana iya dogon tsalle.

A 1975 aka fara ginin ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, wanda sai da shi hukumar shirya jarrabawa ke yarda makaranta ta gabatar da ɗalibai a darussan kimiyya. Bango ya kai linta, an jibge siminti da katako da kwanon rufi a harabar makaranta, an kuma ware kason sayen kayan gwaji.

Gina rumfa

A watan Fabrairun 1976 aka ƙirƙiro Jihar Neja, ba da jimawa ba kuma aka sanar da gasar wasanni ta makarantun sabuwar jiha. Marigayin, bisa basirar da Allah ya yi masa, ya fahimci cewa manyan baƙi ba sa zuwa makaranta don kallon kwalabe, kuma babu wanda aka taɓa tafa wa don ya auna gishiri daidai. Saboda haka ya ba da umarni a kwashe kayan ginin zuwa bakin fili, a kuma karkatar da kason kayan gwaji zuwa sayen riguna da takalman gudu, bisa sharaɗin cewa aro ne aka yi, za a mayar.

An kammala rumfar 'yan kallo a ƙarshen shekarar, mai matakalar siminti goma sha biyu da ɗakin canza kaya a ƙarƙashinta. Ta fuskanci yamma, ta yadda ranar la'asar ke dukan manyan baƙi a ido daidai lokacin da ake fara wasa, amma kowa ya shaida babu irinta a duk yankin. A 1977 makarantar ta ɗauki baƙuncin gasar, ta ci kofi, Mika'ilu ya zo na ɗaya a gudun ƙananan ɗalibai, aka buga hoton marigayin a jarida yana rungume da kofin. A wannan daminar ce wata darbejiya ta tsiro a tsakiyar ɗakin gwaje-gwajen, kasancewar babu rufin da zai tare mata rana.

Ziyarar sufeto

A ƙarshen 1977 aka sanar da zuwan sufeto don tantance ko makarantar ta cancanci gabatar da ɗalibai a kimiyya. Marigayin bai firgita ba, domin akwai daɗaɗɗiyar al'ada ta taimakon juna tsakanin shugabannin makarantu a irin wannan rana. Ya aika mota wurin abokinsa Malam Mailafiya, wanda a lokacin ke shugabantar wata tsohuwar makaranta mai nisan tafiyar rabin yini, aka ɗebo kwalaben gwaji da sikeli da madubin duba ƙwayoyin cuta da murhun gas, aka jera su a ɗakin canza kaya na ƙarƙashin rumfa, bayan an fitar da ragar gola an yi wa bango farar ƙasa. Sufeto ya duba, ya yaba, ya ci abincin rana, ya amince. Kafin ya isa masauki an mayar da kayan cikin mota.

An ruwaito cewa a wannan yammaci Malam Haggai ya ce, "Ranka ya daɗe, yau dai mun tsira. To ran jarrabawa fa?"

Marigayin ya amsa da cewa, "Haba, Malam Haggai, kai da kimiyya ta cika wa kai! Wanda ya ara maka riga ran Juma'a, ai ba zai hana ka ran Sallah ba."

Daga nan har ƙarshen zango Malam Haggai ya ci gaba da zana kwalaben gwaji a allo da alli, ɗalibai suna kwafa, kuma an shaida cewa zanen Ruka ya fi na kowa kyau.

Jarrabawar 1978

A watan Yunin 1978, ana jajibirin jarrabawar gwaji a aikace, marigayin ya shiga motar da kansa ya tafi ɗauko kayan. A can ne ya samu labarin da bai taɓa zuwa masa a rai ba a tsawon shekarunsa na hidimar ilimi, wato cewa jarrabawar rana ɗaya ake yin ta, a lokaci ɗaya, a kowace makaranta. Ya tarar an riga an jera kayan a kan tebura domin ɗaliban masu su.

Abin da Malam Mailafiya ya faɗa masa gajere ne: "Lukuman, ka yi haƙuri. Ran Sallah kowa rigarsa yake sawa."

Washegari ɗalibai talatin da ɗoriya suka zauna a ƙarƙashin rumfa, gabansu da kwalaben lemo da sikelin da aka karɓo daga wurin wani mahauci. Mai sa ido ya rubuta abin da ya gani. Babu ɗalibi ko ɗaya da ya ci kimiyya a wannan shekara, aka kuma janye izinin makarantar na gabatar da ɗalibai a fannin har tsawon shekara goma sha ɗaya. Ruka ta ci sauran darussanta da daraja mafi girma, abin da bai da amfani ga mai neman karatun likita.

Hanya ɗaya ta rage mata, ita ce ta koma wata makaranta ta maimaita shekarar. Barakatu ta gabatar da wannan buƙata, tana cewa, "Malam, ka dubi Allah ka kai yarinyar nan wurin Mailafiya ta sake. Shekara ɗaya ce fa."

Marigayin, wanda ya san darajar makarantarsa, ya ce, "'Yar shugaban makaranta guda ta je cin arziki a makarantar wani? To me kike so a ce a gari? Ta jira, baɗi za a rufe ɗakin."

Ba a rufe ɗakin baɗi ba. Ruka ta jira shekara biyu, sannan ta auri wani tela a 1980. A 1983 ta samu aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi a cikin gari, tana goge ƙasa da dafa allurai. Malam Haggai ya nemi canjin wurin aiki, ya tafi ba tare da an yi masa walimar ban kwana ba.

Shekarun baya

Marigayin ya sauke farali a 1981, ya yi ritaya a 1989. A bikin sallamarsa aka raɗa wa rumfar sunansa, aka kuma bayyana shi da uban wasanni na yankin, shi ma ya tunatar da mahalarta cewa ƙafa ce ke ɗauke da kai. A shekarun da suka biyo baya rumfar ta ci gaba da amfanar jama'a ta fuskar shanyar masara, taron siyasa da kwanan awaki. Darbejiyar ɗakin gwaje-gwaje kuwa ta girma har ta zarce linta, ɗalibai na fakewa a inuwarta, ta yadda za a iya cewa ɗakin ya samu rufi a ƙarshe. Barakatu ta rasu a 1995.

Jinya

A 1998 ya kamu da ciwon shanyewar ɓarin jiki, ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Da yake sauran 'ya'yan suna da uzurin aiki da na nisa, Ruka ce ta ɗauko shi zuwa gidanta, ta riƙa juya shi, da wanke shi, da yi masa allura, wadda ta koya ta hanyar kallo. Likitar da ta duba shi ita ce sabuwar mai asibitin da Ruka ke wa aiki, Likita Christiana Andarawus, wadda ta rubuta jarrabawar ƙarshe a watan Yunin 1978 a makarantar Malam Mailafiya, da kwalaben da aka taɓa jerawa a ƙarƙashin rumfa. Marigayin ya sha bayyana wa masu dubiya cewa yana da hannu a karatunta, tunda ya mayar da kayan ko ɗaya bai fashe ba. Likitar ta ara masa keken marasa lafiya na asibitin, wanda a kansa Ruka ke tura shi bakin fili duk shekara ranar gasar wasanni, a ajiye shi a layin gaba, rana na dukansa a ido.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa da hantsin wata Talata a watan Maris na 2005, yana da shekara saba'in da ɗaya. An yi masa salla bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar gari bisa koyarwar Musulunci. Tsofaffin ɗalibansa sun halarta da yawa, musamman 'yan gudu. An yi addu'ar uku a ƙarƙashin rumfar da ke ɗauke da sunansa, inda masu jawabi suka haɗu a kan cewa ya bar duniya babu haƙƙin kowa a kansa. Allah ya jiƙansa, ya sa aikinsa ya bi shi.

Ya rasu ya bar 'ya'ya huɗu da jikoki goma sha tara: Mika'ilu, jami'in wasanni a Minna, Kyauta, ɗan kasuwa a Legas, Larai, tana aure a Auna, sai babbarsu, Ruka, wadda ba ta samu jin jawaban ba, domin a safiyar ranar addu'ar ta wanke keken, ta tura shi fanko ta bi ta gefen filin makaranta har asibiti, ta ce, "Ranki ya daɗe, likita, ga kayan aro, mun gode," sannan ta ɗauki bokiti da tsumma, kasancewar ranar aikinta ce.