Hayaƙin Barkono Ga Aljanin Surukina

Jama'a, yau na kori aljani daga gidan ɗiyata!

Na taso daga Shagari da ɗan gerona, kun san tsadar bana. Na isa Boɗinga, na yi sallama. Shiru! Sai muryar ɗiyata Hajo ta bayan ƙyauren ɗakinta: "Inna, ya sa min kwaɗo."

Mijinta Sani tela ya fito, ko takalmi bai tuɓe ba. Wai a wasan talabijin da suke kallo gidan maƙwabta, aljani ya auri mace, ya hana kowa ganinta, har uwarta. Ya ce, "Wannan shi ne so, Inna. Ita ma ta yaba."

Hajo ta ce, "Wasan na yaba, ba kwaɗo ba!"

Ni da na haife ta! Na shiga madafi, na ɗebo garwashi a kasko, na watsa barkono, na kara masa a hanci. Na ce, "Tunda aljani ya hau ka, ga maganinai!"

Tari! Hawaye! Ya jefo mabuɗi, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. "Ina wuni, Inna?"

Na ce, "Sai na ga ɗiyata zan amsa."