Akuyar da na riƙa tura wa Malam

Wane mara aikin yi ne ya zauna ya zana kashi, ya sa masa idanu, har da murmushi? Na tambayi kowa, har yau ban samu amsa ba. Mijina Malam, Allah ya jiƙansa, ya ce lalle mutumin ya taɓa zama da dangina.

Wankan jegon 'yar farina ya kawo ni Kuala Lumpur. Malam ya biyo ni wai zai nuna wa likita gwiwarsa, alhali tuwon wata ne ba ya iya ci. Sai korona ta zo, aka kulle mu a wani bene a unguwar Cheras, mu da jariri da surukina.

Ita yarinyar karatun kwamfuta take yi. Ta ga ban iya rubutu ba, kuma neman fuska ɗaya cikin hotunan nan da suke kira imoji yana cinye min wuni. Sai ta ce za ta haɗa ɗan shafi a intanet: ka faɗi kalma da Hausa, hoton ya fito. Amma sai an raɗa wa kowane hoto suna, kuma mu aka ba aikin.

Ta nuna wata fuska mai karkataccen baki.

Na ce, "Harara."

Malam ya ce, "A'a, rubuta: ladan ya ji an ce tuwo ya ƙare."

Ta ce, "Baba, wa zai nemi wannan?"

Ya ce, "Duk wanda ya san ladanmu."

Da aka fara gwadawa, kome na faɗa raƙumi ke fitowa. Ta ce lafazina ne. Malam ya ce na'urar tana jiran haƙoran da na baro a gida. Ta yi ta gyara, jariri a cinya, har abin ya fara jin maganata.

Sannan Malam ya fara tari. Aka tafi da shi asibiti, aka hana mu bin sa. Ina kuka yanzu, na ce wa 'yar fari, da ke rubuta min wannan labarin, ta rubuta hakan ma.

Numfashi ya yi masa wuya, ba ya iya magana a waya, sai saƙo. Ina so in tura masa jar zuciyar nan, wadda yara ke watsa wa juna kamar gyaɗa. Amma shafin sai ka faɗa da baki, da ƙarfi. Gidan ƙarami ne, surukina yana falo dare da rana, ba inda za shi. Ni da ko sunan mijina ban taɓa kama ba, in ɗaga murya in ce zuciya a gaban suruki? Sai in kai waya baki, in buɗe, in ji kaina na ce, "Akuya."

Kullum haka. Wata rana na yi ƙarfin hali, na tura tukunya.

Yau ga shi ina faɗa wa 'yar fari, tana rubutawa, ba mai kallon wani.

Wata safiya wata ma'aikaciyar jinya ta riƙe masa waya. Muryarsa kamar ana jan tabarma. Na ce masa sannu. Ya daɗe yana tattara numfashi, sannan ya ce:

"Ke, garken ya isa haka, ba ni da wurin ɗaure su. Na gane. Je ki ci abinci."