Fedalolin Madu da Aka Raba a Gado

A wannan daminar shekara goma ke nan da muka kai Madu makwancinsa a bayan garin Diffa. Ni ne mawaƙin ƙungiyarmu, shi ne mai jita, kuma mun daɗe muna tsayawa kafaɗa da kafaɗa a gidajen biki, daga cikin gari har ƙauyukan bakin kogin Komadugu. Ciwon hanta ne ya kwantar da shi, bai kuma jima yana jinya ba. Kowace shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ga ba ni da abin faɗi ban da Allah ya ji ƙansa. Bana kam ina da labari, kuma 'yarsa Fanna ce ta jawo shi.

Ga wanda bai san harkar ba, tsakanin jita da ampili, wato akwatin da ke ɗaga sauti, akwai wasu 'yan akwatunan ƙarfe da ake kira fedal, mai jita yana taka su da ƙafa. Wani yana ƙara wa sauti kauri, wani ya sa shi ruri, wani kuma ya riƙa maimaita abin da aka kaɗa kamar amsa-kuwwa. Sauti yana shiga na farko, ya fita ya shiga na biye, a haka har ya kai ampili, don haka wanda aka sa gaba da wanda aka sa baya ba ƙaramar magana ba ce. Madu yana da guda biyar. Ya kafe su a kan wani allon katako, ya yanka wayoyin da ke haɗa su da hannunsa, kuma ko ni da muke cin tuwo a kwano ɗaya bai yarda in taɓa ba.

Mutum ne mai taurin kai, Allah ya gafarta masa. Sai jama'a su cika fili, uwar amarya ta aiko sau biyu, shi kuwa yana durƙushe yana murɗa wannan yana saurare, yana gyara zaman ampili a kan kujera. Na sha yi masa masifa a kan haka, bai taɓa ko ɗago kai ya dube ni ba. Abin da yake nema ɗaya ne: jita ta yi kuka irin na algaita, dogon sauti wanda ba ya yankewa. Ya kuma same shi. Tsofaffin matan Barebari da ba su ɗauki jita a bakin komai ba, da ya taka fedal sai ka ga sun gyara mayafi sun miƙe.

Da ya rasu aka zo rabon gado. Malamin da ya yi rabon bai yi wa kowa rashin adalci ba, ya bi abin da ya gani a gabansa. Ya ga akwatuna biyar, sai ya lissafa su kaya biyar. Aka kwance su daga allon, aka goge su tas, wani mai tsafta ma ya mayar da duk maɓallan gefe guda don su yi kyan gani. Matarsa Falmata da 'yarta suka sami ampili da fedal biyu. Biyu suka bi mahaifiyarsa, daga baya suka koma hannun ƙanwarsa a Maine-Soroa. Na biyar, mai amsa-kuwwa, ya faɗa wa wansa Ba Mele, manomin tattasai a wajen Tumur, wanda tun farko bai taɓa son wannan sana'a ta ƙanensa ba. Ni ba magaji ba ne, ba ni da ta cewa a wurin. Na koma gida ranar raina a ɓace.

Shekarun tashin hankalin da suka biyo baya kowa a nan ya san su. An hana kiɗa bayan magariba, mutanen bakin kogi sun baro gonakinsu, biki ya koma ɗaurin aure da addu'a kawai. Da abubuwa suka ɗan lafa muka sake haɗa ƙungiya, muka sami sabon mai jita, Lawali, ɗan wasu 'yan kasuwa mutanen Damagaram. Shi ba ya yawo da allo. Akwati ɗaya gare shi da ake kira milti, duk fedalolin duniya suna cikinsa, ka danna lamba sauti ya fito a shirye. Nakan tambayi kaina me Madu zai ce da ya ga wannan abu. Na tabbata zai fara da raini, ya ce an dama tuwo da miya tun a tukunya. Na kuma tabbata kafin mako ya zagayo zai are shi, ya shige ɗaki da shi, ya hana mai shi.

Watannin baya Fanna ta zo shagona da kanta. Ta gama karatun jinya, an sa ranar aurenta da wani abokin karatunta. Tana ƙarama ubanta ya rasu, ba a zuwa da ita wurin wasa, jitar da ta san yana kaɗawa ita ce ta tsakar gida, ba waya ba ampili. Abin da ya rage na kiɗansa a tsofaffin wayoyin hannu kuwa ƙara ce kawai da ihun jama'a.

Ta kira ni kawu da Faransanci yadda ta saba, ta ce, “Tonton Issa, kowa na ce mini jitar babana daban take. Ni ɗai ce ban taɓa ji ba. Ina so in ji ta ran bikina, ko sau guda.”

Na ce mata to, tun kafin in yi tunanin yadda za a yi. Sai da ta fita na gane nauyin abin da na ɗauka.

Na hau mota zuwa Maine, ƙanwar Madu ta fito da nata biyun daga ƙasan akwatin tufafi ba tare da wata gardama ba. Falmata ta ba da nata da ampili. Ba Mele kuwa na same shi a Assaga, inda ya zauna tun da suka baro ƙauye. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni wa ya ce mini abin yana nan a wurin mutumin da ya bar buhunan tattasai da injin ban ruwa ya gudu da rigar jikinsa. Ban ja maganar ba, na yi masa sallama na dawo.

Lawali ya ce ba komai, milti zai tsaya a gurbin na biyar. Ya jera su yadda ya koya, yadda kuma ya ce kowa ke yi a duniya: mai ruri a gaba, amsa-kuwwa a can ƙarshe dab da ampili. Sauti ya fito fes, mai daɗi, amma ba na Madu ba ne ko kusa. Muka yi ta murɗe-murɗe har na fara jin kunyar haɗuwa da Fanna a hanya. Wata rana da la'asar muna gwaji, Lawali ya kai ƙafa zai taka mai ruri a can damansa, sai na ji abin ya yi mini baƙo. Ni kullum a hagun Madu nake tsayawa, kuma duk sanda zai tayar da rurin nan sai ya taka mini ɗan yatsa, har na daina sa silifa a wurin wasa. Ke nan mai ruri a ƙarshen hagu yake, kusa da ni, kuma a jerin fedal na hagu shi ne na ƙarshe kafin ampili. Madu ya juya tsarin ne gaba ɗaya.

Lawali ya yi dariya, ya ce in aka yi haka sauti zai cakuɗe ya zama kunu. Na ce ya gwada dai. Da ya sa amsa-kuwwa a gaba, mai ruri a baya, sai maimaicin ya daina fitowa ɗaya bayan ɗaya, rurin ya haɗiye su duka ya mayar da su dogon numfashi guda. Lawali ya daina dariya. Mun kusa, amma amsa-kuwwar milti ta cika tsafta, tana da kaifi a inda ta Madu ke da duhu. Na ƙudurta haka za mu yi, in kuma gaya wa Fanna gaskiya cewa rabi muka samo.

Ranar biki da hantsi muna ɗaura wayoyi a ƙofar gida sai ga Ba Mele. Ya zaro wani ƙunshi daga aljihun babbar rigarsa, tsumma a kan tsumma, ya miƙo mini. Fedal ɗin ne, ko ƙwarzane babu. Ya ce aro ne, da an tashi zai karɓi abinsa. Lawali ya cire milti, ya sa wa fedal ɗin sabon batir ya haɗa shi a gurbinsa, muka juya ampili ya fuskanci katangar ɗakin da amarya take, tun da ita ba za ta fito ba.

Ba zan ce Madu ya dawo ba. Hannun Lawali ya fi nasa sauri, bai kuma da haƙurinsa na barin sauti ya mutu da kansa. Amma da ya taka fedal a waƙar farko, ni da ya kamata in shigo da baiti sai na kasa, ƙungiya ta zagayo sau biyu tana jirana. Muna gamawa Falmata ta leƙo daga zaure idanunta jajir, ta ce amarya ta ce a sake. Muka sake. Ta kuma aikowa, muka kuma sakewa, har masu jiran wasu waƙoƙin suka fara gunaguni, ban kula su ba.

Da aka tashi, Lawali ya raɗa mini in roƙi dattijon ya bar mana fedal ɗin, tun da shi ba ya kiɗa. Na je da niyyar roƙon. Na tarar da shi a tsaye inda ya wuni, a bayan jama'a, jikin wata bishiyar dogon-yaro. Ya karɓi abinsa yana naɗewa a hankali.

Ya ce, “Issa, ku kun ji shi shekara da shekaru. Ni ko sau guda ban taɓa zuwa ba, yana kirana ina ƙi. Ran da muka gudu, wannan ɗai na ɗauko.”

Ban roƙe shi ba. Fedalolin sun koma inda suka fito, biyu Maine, biyu ɗakin Falmata, ɗaya Assaga, kuma ban sani ba ko za su sake haɗuwa a kan allo ɗaya ina raye.

Idan na auna abin da ya rage na Madu bayan shekara goma, ba shi da yawa, kuma ba ya hannun mutum ɗaya. Lawali ya adana juyayyen tsarin a cikin milti, yanzu wasu masu jita a garin nan suna kwaikwayonsa ba tare da sun san daga wa ya fito ba, wannan kuwa ba ya damuna. Na haɗu da Fanna a asibiti kwanan baya, na tambaye ta ko abin da ta ji ya kai yadda ake ba ta labari. Ta ce ba ta da abin da za ta gwada shi da shi. Abin da ta sani kawai, yanzu in aka zauna ana hirar jitar babanta, ita ma tana sa baki. Allah ya ji ƙan Madu, ya kai haske kabarinsa.